Kayan Sauti: Na Ɗaki Ko Na Dandali?

A 'yan shekarun nan an sami matasa da yawa, har da wasu ɗaliban wannan Sashe, waɗanda suka ɗauki waƙa sana'a. Kowannensu yana so ya ɗauki waƙarsa a ɗakinsa, yana kuma so ya fita da ita dandali ran biki ko taro, alhali kuɗin da ke hannunsa ba su isa ya sayi kaya kashi biyu ba. To, da wanne zai fara? A ganina ya fara da na dandali, domin kayan dandali suna aiki a ɗaki, amma na ɗaki ba kasafai suke jure wa dandali ba.

Bari mu fara da makirfo, tun da shi ne ƙofar da murya ke bi. Iri biyu aka fi sani. Akwai wanda ake kira dainamik, mai ɗan marufi siriri kamar fatar ganga, haɗe da waya naɗaɗɗiya a cikin maganaɗisu. Wannan ba ya bukatar wuta ta daban, yana jure faɗuwa da ƙura da ƙara, kuma abin da ke kusa da bakinsa ya fi ji. Misalinsa shi ne SM58 na kamfanin Shure, wanda ya fito a 1966, har yanzu kuwa mawaƙan duniya ba su ajiye shi ba. Na biyun shi ne kwandensa, wanda yawanci sai an ba shi wuta bolt 48 kafin ya yi aiki. Kunnensa ya fi kaifi, babu musu, amma kaifin nan shi ne aibinsa a wurinmu. Ba muryar mawaƙi kaɗai zai kwaso ba, har da kukan janareta, da hon ɗin babur, da carar zakaran maƙwabta. In aka fita da shi fili kusa da lasifika, nan da nan sai kururuwa ta tashi, taro ya toshe kunne. Ƙurar hunturu da laimar damina ma ba su bar shi ba.

Dalili na biyu ya shafi yanayin waƙarmu ita kanta. Yawancin 'yan akwatunan da ake sayarwa don haɗa makirfo da kwamfuta kafa ɗaya ko biyu ke gare su, don an yi su ne saboda mutum guda mai rera waƙa shi kaɗai. Waƙar Bahaushe kuwa ta ƙungiya ce, akwai uban kiɗi, akwai 'yan amshi, akwai makaɗa, wani lokaci har da sanƙira. Mai karatu ya tuna da kalangun Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko kotson Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. In aka tara irin wannan ƙungiya a kan makirfo guda, kiɗa zai danne murya, ko kuwa amshi ya ɓace. Haka nan kuntigin Ɗanmaraya Jos, mai tsirkiya ɗaya da sanyin sauti, sai an kusanto masa da nasa makirfon kafin a ji shi sosai. Saboda haka abin da ya dace shi ne mikisa mai kafa shida ko takwas, irin wadda ake iya haɗa ta da kwamfuta. Da rana ta ɗauki waƙa a ɗaki, da dare ta tafi gidan biki.

Wani zai ce, ai duk wannan tsohon zance ne, kwamfuta tana gyara kome. Gaskiya ne tun da Auto-Tune ya fito a 1997 ake daidaita murya da na'ura. Sai dai mu ɗaliban harshe mun san Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai karin sama, da na ƙasa, da faɗau, kuma da su kalangu ke yin magana har a gane kirarin da yake yi. Na'urar nan kuwa jan murya take yi zuwa matakan sauti ƙayyadaddu. In aka matsa mata, sai lanƙwasar da ke tsakanin matakan ta kakkarye, murya ta koma ta ƙarfe. Abin da makirfo bai ɗauka da kyau ba tun farko, kwamfuta ba ta iya ƙago shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A wuri ɗaya ne ɗaki da dandali suka raba hanya, watau wajen lasifika. Ta biki an yi ta don ƙara da nisa, ba don ta faɗa wa mawaƙi gaskiyar abin da ya ɗauka ba. A ɗaki ya nemi abin saurare na saƙalawa a kunne mai kyau. Manyan lasifikoki kuwa ya yi hayarsu ran da ya sami gayyata, ya kuma sa su a gaban makirfo suna fuskantar jama'a, kada su koma bayansa. Kuɗin da ya rage ya sayi wayar makirfo mai baki uku, wadda ke hana gurnanin lantarki shiga. Ɗakin siminti mai amsa-kuwa kuma ya tausasa shi da labule mai kauri da darduma da katifa. Ya yi hattara da jabu, domin sanannen makirfo shi aka fi kwaikwaya, araha kuwa ba ta ado.

Wannan magana ba ta mawaƙa kaɗai ba ce. Kowace shekara ɗalibanmu suna zuwa ƙauyuka ɗaukar waƙoƙin noma da na daɓe da na 'yan dambe, da yawa kuwa da wayar salula kurum suke dogara, su dawo da iska da hayaniya. Tsohon da aka ɗauka bana, ba lalle a same shi baɗi ba. Ya kamata Ƙungiyar Hausa ta tanadi makirfo uku ko huɗu masu jure tafiya, da 'yar mikisa mai aiki da batir, a riƙa ba ɗalibai aro, a kuma koya musu amfani da su kafin su fita.