Sangaya Bai San Hanyar Watari Ba

Duk majalisar da aka taɓo zancen Kannywood sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki fina-finan da! Su ne suka nuna Bahaushe yadda yake." Daga nan sai a ambaci Sangaya. Ni ban yarda ba, kuma ba ƙin fim ɗin nake yi ba.

Ina ɗan saurayi na kalle shi, a wani zaure a ƙauyenmu da ke bakin dam ɗin Watari, ƙasar Bagwai. Janareta na ruri a waje, mun cika tabarma maƙil, ƙafafunmu duk busasshen taɓon fadama, kaset ɗin ya sha kallo har hoton na rawa. Kamfanin Sarauniya ne ya fitar da shi a 1999, Ali Nuhu ne Yarima, Fati Muhammad ce Zubaina, 'yar aikin gidan sarauta. Mun haddace waƙar, mun tausaya wa Zubaina. Amma da aka kashe inji muka watse cikin duhu, babu wanda zai ce ya ga mai kama da shi a akwatin nan.

Wane Bahaushen aka nuna? Na fada. Talaka in ya leƙo, shara da wanke-wanke suka kawo shi, darajar yarinya kuwa ba ta fitowa sai idon ɗan sarki ya sauka kanta. To mu fa? Ina saurayin da ya kwashe rani yana ban ruwan albasa da tumatir, yana lissafin kwando nawa zai haɗa masa kuɗin na-gani-ina-so, in kasuwa ta karye aure ya koma baɗi? Ina budurwar da ke tara ribar tallan gyaɗa, tana sayen kwanukan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, in an zo zance ƙanwarta na gefe riƙe da fitila? Ga 'yar Fulani mai kawo nono ranar kasuwa, ga Bamaguje, ga mai fito da kwalekwale daga Badau. Duk suna tasowa, suna so, ana raba su da masoyansu, suna kuka.

Baƙauye in ya samu shiga fim a wancan zamani, galibi don a yi dariya ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro gwani ne, Allah ya jiƙansa, amma sau nawa muka tuntsire da dariyar wawan ƙauye ba mu lura da mu ake ba?

Za a ce ai tun kaka da kakanni ake labarin ɗan sarki da 'yar talaka. Haka ne, tatsuniya ce, kuma mai daɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne a ɗauke ta a ce ita ce rayuwarmu, har a riƙa zargin yaran yanzu da watsar da al'ada, alhali tun lokacin kyamara ta juya wa karkara baya. Mu kuwa ba mu juya mata ba. A lokacin, daga Ƙofar Wambai ake ɗauro kaset ɗin nan zuwa Bichi da Bagwai, da kuɗin albasarmu muke biyan kallo.