Ra'ayinmu: A Ba 'Yan Mata Rabonsu na Fili

Duk wanda ya tsaya bakin filin makarantarmu bayan la'asar ya san abin da zai gani. Maza sun kasu gida biyu suna ta fafatawa, ƙura na tashi, 'yan mata kuwa suna can gindin dalbejiya, wasu na kallo, wasu na hira. Haka muka tarar, haka kuma muke shirin bari ga na bayanmu. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun zauna mun tattauna wannan al'amari, muka ga ya dace mu kawo shi kan wannan allo. Hujjarmu kuwa ita ce rayuwar wata 'yar ƙwallo, mai tsaron baya, wadda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunanta ba.

Sunanta Onome Ebi. An haife ta a shekarar 1983. Ta buga wa ƙungiyar Bayelsa Queens a nan gida, daga nan ƙwallo ta kai ta Suwidin, da Turkiyya, da Belarus, da Sin, da Sifaniya. Da rigar Super Falcons ta ɗauki kofin nahiyar Afirka sau huɗu: 2010, 2014, 2016 da 2018. Ta halarci gasar cin kofin duniya sau shida: Amurka a 2003, Sin a 2007, Jamus a 2011, Kanada a 2015, Faransa a 2019, sai Ostireliya da New Zealand a 2023, lokacin tana da shekara 40. Babu wani ɗan ƙwallon Afirka, namiji ko mace, da ya riga ta kaiwa wannan matsayi. Ku lissafa da kyau: ranar da ta fara zuwa gasar duniya ba a haifi ko ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar nan ba, amma da idonmu muka ga zuwanta na ƙarshe.

Me ya sa ba mu san ta ba kamar yadda muka san Asisat Oshoala? Saboda aikin mai tsaron baya ba ya jawo tafi. Wadda ta zura ƙwallo a raga ita ake ɗauka a kafaɗa. Wadda ta hana a zura kuwa, sai ranar da ta yi kuskure ake tunawa da ita. Aikinta shi ne ta karanci inda ƙwallo za ta faɗa tun ba a buga ba, ta riƙe layi ɗaya da abokan aikinta don 'yar gaba ta faɗa satar gida, ta tashi sama ta sa kai idan an bugo kwana, ta kuma san lokacin da za ta kai ƙafa da lokacin da za ta haƙura. Mu jikokin Kanta ba ma bukatar dogon bayani a nan. Ganuwar Surame ba ta taɓa harba kibiya ba, amma da ita gari ya yi barci.

Ga misali. A gasar duniya ta 2023 Najeriya ta buga wasa huɗu. Ta yi canjaras babu ci da Kanada, ta doke Ostireliya mai masaukin baƙi da ci 3 da 2, ta yi canjaras babu ci da Ailan, sannan ta riƙe Ingila tsawon minti 120 babu ci, sai a bugun fenareti aka fitar da ita. Wasa uku ke nan ba a taɓa ragarmu ba. Wannan aikin mai tsaron raga ne da 'yan bayanta, irin su Osinachi Ohale, Ashleigh Plumptre da Michelle Alozie.

To, ga tambayar da ta hana mu sakat. A cikin waɗannan sunaye, ina 'yar Birnin Kabi? Ina 'yar Argungu? Shin 'yan matanmu ba su da ƙarfi ne? Yarinyar da ke ɗauko tulu daga rijiya tun da asuba, ta daka gero, ta taya iyayenta aikin shinkafa a fadama, sannan ta tako da ƙafa zuwa makaranta cikin zafin watan Afrilu, ba za a ce mata raguwa ba. Ƙarfi akwai, hankali akwai. Abin da babu shi ne fili, da ƙwallo, da izini.

Mun san dalilan da ake bayarwa, kuma ba mu raina su ba, domin iyayenmu ne da malamanmu ke faɗin su.

Na farko shi ne sutura. Gaskiya ne, babu uban da zai so ganin 'yarsa da gajeren wando a bainar jama'a, mu ma ba abin da muke nema ke nan ba. Amma tun shekarar 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta amince mace ta rufe kanta a fili. Ranar 30 ga Yuli, 2023, Nouhaila Benzina ta ƙasar Maroko, ita ma mai tsaron baya, ta shiga fili da hijabinta, hannu da ƙafa a rufe, a wasansu da Koriya ta Kudu. Ita ce mace ta farko da ta buga babbar gasar duniya da hijabi. Maroko ta ci 1 da nema, wato ita da abokan aikinta ba su bari an ci su ba. Ko a Saudiyya an buɗe babbar gasar ƙwallon mata a 2022, kuma a 2023 Plumptre tamu ta koma ƙungiyar Al-Ittihad ta birnin Jidda. Idan a can an sami hanya, a nan ma za a samu.

Na biyu shi ne karatu. Ana cewa ƙwallo na raba yaro da littafi. Michelle Alozie ta yi digirinta a fannin kimiyyar ƙwayoyin halitta a Jami'ar Yale ta Amurka. Ta buga wa Houston Dash, ta kuma haɗa da aikin bincike kan cutar daji ta yara a wani asibitin yara da ke Texas. Ita ce ta ci ƙwallon da ta fitar da Afirka ta Kudu ana dab da tashi a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Yulin 2025, kafin Najeriya ta doke Maroko 3 da 2 a Rabat ta ɗauki kofin karo na goma. Ba ƙwallo ke kashe karatu ba, rashin tsari ne. Ai maza ma suna bugawa kullum, ba mu ji an rufe musu fili saboda jarrabawa ba.

Na uku shi ne cewa babu abinci a wannan sana'a. A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Hanya ce mai ƙaya. A Disambar 2016, bayan su Onome Ebi sun doke Kamaru a Yawunde sun ɗauko kofi, sai da suka ƙi fita daga otal ɗinsu a Abuja, suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, kafin a biya su haƙƙinsu. Ga rauni, wanda kan iya gama da mutum rana ɗaya. Cikin 'yan mata masu yawa da za su fara, kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da ƙafarsu. Saboda haka ba mu ce kowa ta ajiye biro ta ɗauki takalmin ƙwallo ba. Amma ko wadda ba za ta taɓa buga wa wata ƙungiya ba za ta tashi da riba: lafiyar jiki, haƙuri, aiki tare da wasu, da sanin yadda ake faɗuwa a tashi a kakkaɓe ƙura. Malama da likita da uwa duk suna bukatar waɗannan.

Ga abin da muke roƙon hukumar makaranta, cikin ladabi. A ware wa 'yan mata fili yamma biyu a mako, su kaɗai, ba tare da maza 'yan kallo ba. A sa malama mace ta riƙa kula da su. Kayan wasa su zama dogon wando, riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi wanda ba zai harɗe mutum ba. Kada yarinya ta shiga sai da yardar iyayenta a rubuce, kada kuma a tilasta wa wadda ba ta so. Duk wadda makinta ya yi ƙasa a aji, a dakatar da ita har ta gyara. Sannan a gasar wasanni tsakanin gidaje mai zuwa, bayan fareti da tseren buhu da muka saba, a sa wasan ƙwallon 'yan mata ko da guda ɗaya ne. Duk wannan bai wuce kuɗin ƙwallo biyu da usur ba.

'Yan'uwanmu maza, ku ma akwai naku. Yamma biyu cikin bakwai ba za ta rage muku komai ba. Ranar da ƙanwarku ta fara buga ƙwallo ta baro ta, kada ku yi mata dariya. Ku tuna yadda kuka fara da ƙwallon tsumma a lungu.

Ku kuma 'yan'uwanmu mata, idan an buɗe ƙofa kada kunya ta hana ku shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Onome Ebi ma da rana ɗaya ta fara shekarunta ashirin.

Burinmu ba mai nisa ba ne. Muna so wata rana 'yan matan wata makaranta a Argungu su hau mota su zo filin wasa na Haliru Abdu su kara da na Birnin Kabi, iyaye mata na zaune suna kallo. Ko wa ya ci, mu dai za mu rubuta sunayen 'yan baya da manyan baƙaƙe a kan wannan allo.

Mai goyon baya da mai suka, kowa ya rubuto ra'ayinsa ya jefa a akwatin ƙungiya. Za mu liƙa su mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.