Daga Bakin Rumfa: Hajar Sin Da Ba Ta Shiga Kwantena

 

Saƙonnin da suka fi shigo mini a 'yan makonnin nan kusan kuka ɗaya ne. Yaro ya tashi a makarantar Faransanci, uba yana son mai da shi gida ya rubuta WAEC da JAMB, ko ya kai shi Ghana, amma an miƙa masa takardar Ingilishi ya tsaya yana kallonta. Wasu yaran ma a makarantar Ingilishin suke, suna jin magana suna mayarwa, amma a ɗora musu shafi guda su karanta su faɗi abin da ya ce, sai gumi. Kowa ya san a Najeriya in babu kiredit a Ingilishi ƙofar jami'a a rufe take. Kuɗin rajista ya tafi, shekarar yaro ta tafi, in mace ce ma wani lokaci daga nan maganar karatun ta mutu.

To, yau bari mu leƙa ƙasar da muke saro kaya, wato Sin. Muna zuwa Gwanzu da Yiwu mu cika kwantena mu dawo, amma ba mu cika tambayar yadda suke yi da yaransu ba. Alhali kuwa yaron Basine ya fi namu nisa da Ingilishi nesa ba kusa ba.

Da fari dai rubutunsu ba na haruffa ba ne. Alamomi ne, kowace da siffarta da ma'anarta, kuma ba a barin fili tsakanin kalma da kalma. Ana son yaro ya gane alama wajen 3,000 kafin ya gama firamare, ya kai 3,500 in ya gama ƙaramar sakandare. Ka ga idonsa ya saba ɗaukar kalma ɗungurungum kamar hoto. Da ya haɗu da Ingilishi sai ya yi masa irin wannan riƙon: ya kalli kalma, ya rubuta ta sau ashirin, ya haddace siffarta. Dabarar tana aiki muddin kalmomin kaɗan ne. Ranar da ya ci karo da wadda bai taɓa gani ba, shi ke nan, ba shi da hanyar fasa ta.

Suna da wani rubutu na haruffan boko da ake kira Pinyin, wanda gwamnatinsu ta amince da shi a 1958, kuma wani masani mai suna Zhou Youguang na cikin manyan waɗanda suka tsara shi. Da shi yara ke fara aji ɗaya. Sai dai haruffan iri ɗaya ne da na Ingilishi, sautin ne daban. Masu sayar da waya sun san Xiaomi ana kiranta kusan "Shawomi". Harafin q a wurinsu ya fi kusa da c ɗinmu na "ciniki", shi kuma c ɗinsu ya fi kusa da ts. A Ingilishi kuwa c ɗin nan wani lokaci k ne, wani lokaci s. Yaron da ya iya karatun Hausar boko ma a wannan ramin yake faɗawa.

Sannan akwai maganar baƙaƙe masu cunkoso. Kusan kowace gaɓa ta Sinanci da wasali take ƙarewa, ko da n, ko ng, kuma ba sa jera baƙi biyu ko uku a farkon gaɓa. Shi ya sa sofa ta zama shafa a bakinsu, bas kuma ta zama bashi. Allah Ya raba mu da hawa wannan motar! Mu ma ai haka muka yi: bread ya koma burodi, driver ya koma direba, brake ya koma birki. Ban da wannan, aikatau a Sinanci ba ya canza siffa don jiya ko gobe, kuma "shi" da "ita" a baki duk "ta" ne, sai a rubuce ake bambancewa. A nan kam yaranmu sun fi su sa'a.

Duk da wannan nisa ba su ja da baya ba. Tun 2001 ma'aikatar ilminsu ta ce a fara Ingilishi daga aji uku na firamare. Babbar jarrabawarsu ta shiga jami'a, gaokao, wadda ake yi a watan Yuni, ɗalibai sama da miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024. A yawancin larduna maki 750 ne gaba ɗaya, harshen waje yana da 150, daidai da lissafi, daidai da Sinancin kansa, kuma ga mafi yawan ɗalibai harshen wajen nan Ingilishi ne. Saboda haka maganar ba wasa ba ce a gidajensu.

Me suke yi? Abu na farko tsohon abu ne: karatun safe. Kafin a fara darasi aji duka zai ɗauki littafi a yi ta karatu da ƙarfi, kowa na rera nasa. Wanda ya wuce ta makarantar allo zai ji kamar yana gida. Yana sa baki ya saba, yana sa jimla ta zauna a kai. Amma su da kansu sun gano iyakarsa. Har suna da suna ga abin da hadda zalla ke haifarwa, yaba yingyu, wato Turancin bebe. Mu shaida ne. Sau nawa ka tsaya gaban yarinyar shago da ta yi shekara da shekaru tana Ingilishi a makaranta, amma cinikin sai da kalkuleta da fassarar waya?

Abu na biyu shi ne gyaran da iyaye da malamai da yawa suka rungumo daga baya, wato koya wa yaro sautin harafi da yadda ake haɗa sautuka su ba da kalma. Ingilishi haruffa 26 gare shi, amma sautukansa sun kai wajen 44, shi ya sa ake bin abin daki-daki: sautin kowane harafi, sai kalmomi masu harafi uku irin cat da pen, sai haruffa biyu masu ba da sauti ɗaya irin sh da th, sai e ɗin nan ta ƙarshe da ba a furtawa amma take canza wasalin da ke gabanta, kamar yadda hat ke komawa hate. Mu fa wannan ba baƙonmu ba ne. Malaman allo ba sa miƙa wa yaro sura kafin ya yi babbaƙu ya yi farfaru. Abin mamaki, uban da ba zai yarda a tsallake wa ɗansa babbaƙu ba, shi ne zai biya kuɗi a haddasa wa yaron kalmomin Ingilishi ba tare da ya san sautin harafi ba.

Abu na uku shi ya fi burge ni, domin da lissafi suka zo masa. Manhajarsu ta ce kafin ɗalibi ya gama ƙaramar sakandare ya zama ya karanta kalmomi 150,000 na Ingilishi a wajen littafin aji. Adadin yana ba da tsoro, amma ɗauko kalkuleta, Alhaji. Raba 150,000 a kan kwanakin shekara uku, ba su kai kalma 140 a rana ba. Rabin shafi ke nan. Da yayyafi kogi kan cika.

Sirrin yana cikin irin littafin da ake ba yaro. Akwai ƙananan littattafan labari da aka tsara hawa-hawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a can shi ne jerin Oxford Bookworms, wanda suke bugawa da sunan Shuchong, Ingilishi da fassarar Sinanci tare. Matakin farko an rubuta shi da kalmomi 250 kacal, na ƙarshe da 2,500. Wani masanin koyar da harshe na ƙasar New Zealand, Paul Nation, ya nuna cewa mai karatu yana bukatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya karanta shi kaɗai cikin jin daɗi. Wato a cikin kalma 50, ɗaya ce baƙuwa. Mu kuwa sai mu sayo wa ɗan aji huɗu ƙaton littafi mai kauri don mu ga kuɗinmu ya yi auki, yaro ya buɗe ya ga kowane layi da baƙin kalmomi uku, ya rufe, mu ce ba ya son karatu.

Abu na huɗu, suna haɗa ido da kunne. Duk mai yawo a kasuwar Futian ta Yiwu ko shagunan lantarki na Shenzhen ya ga alƙalamin nan mai magana, wanda in aka ɗora bakinsa a kan kalma sai ya furta ta. Iyayen da ba su jin Ingilishi da shi suke cike gurbinsu. Wanda bai samu ba, wayar hannu ma tana yi, muddin babba na zaune a wurin.

Kada a ɗauka komai nasu abin koyi ne. Tseren ya yi yawa har hukumar lafiyarsu ta bayyana cewa fiye da rabin yara da matasan ƙasar ba sa gani nesa. Kuɗin lesin ya riƙa cinye albashin iyaye, har a watan Yulin 2021 gwamnati ta hana kamfanoni cin riba da lesin manyan darussa ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare. Babban kamfanin lesin Ingilishi, New Oriental, ya sallami ma'aikata 60,000 a wannan shekarar. A 2022 wasu malamansa suka koma tallan shinkafa da kayan gona kai tsaye a intanet, suna talla suna koyar da Ingilishi, kuma kasuwar ta karɓe su. Shi kansa mai kamfanin, Yu Minhong, ɗan ƙauye ne da ya faɗi gaokao sau biyu kafin ya shiga Jami'ar Peking a 1980. Wannan na faɗa ne don uban da ɗansa ya faɗi sau ɗaya ya ce ya haƙura.

Akwai kuma abin da ya kamata mu lura da shi sosai: Sinawa ba su jefar da harshensu don su samu Ingilishi ba. Yaro yana ƙoshi da karatun harshensa tukuna, sannan a ɗora masa na waje. Ina jin wasu gidajenmu an hana yara Hausa wai don Turanci ya zauna. Wallahi asara biyu ce. Yaron da ya iya karanta Hausa ko Faransanci ya riga ya san yadda harafi ke zama sauti, abin da ya rage a nuna masa inda Ingilishi ya saɓa. Ɗan makarantar Faransanci, misali, a nuna masa ch a nan ba sh ba ne, ana furta h, kuma baƙin ƙarshen kalma yawanci ba a haɗiye shi. Yana ma da jarin da ɗan Sin ba shi da shi, domin kalmomi irin table da nation da important rubutunsu ɗaya a harsunan biyu.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfin aljihun ɗan tebur. A gwada yaro tukuna: rubuta masa gajeriyar kalma da bai sani ba. In ya yi ƙoƙarin haɗa sautinta, yana kan hanya. In ya yi shiru ko ya yi canke, a koma babbaƙu ko da yana aji shida, ba abin kunya ba ne. Wajen sayen littafi, a je da yaron wurin masu gwanjon littattafai, ya karanta shafi ɗaya yana naɗe yatsa a kan duk kalmar da bai sani ba. In hannu ya ƙare kafin shafi ya ƙare, a ajiye a ɗauki na ƙasa da shi. Masu loda kwantena kuma, katan ɗaya na irin waɗannan littattafai ba zai hana kaya shiga ba, kuma zai wadaci yaran zango guda suna musanya.

A ware minti 15 kullum, bayan Magariba ko bayan Isha'i, a kashe talabijin. Hajiya, ko ba kya jin Ingilishi aikin nan naki ne. Ki ce ya karanta da ƙarfi, sannan ya ba ki labarin da Hausa. In ya iya ba ki labarin, ya fahimta. In ya tsaya kame-kame, baki ne kawai ya yi aiki. Ran Asabar in yaro ya zo rumfa, a ba shi jikin katan ya karanta, a ba shi rasit da takardar lissafin kaya. 'Yan mata ma haka, kada a ce sai sun gama wanke-wanke lokacin da barci ya riga ya ci ƙarfinsu. Mai biyan malamin lesin kuma yana da haƙƙin ya tambaye shi ƙarshen wata: shafi nawa yaron nan ya karanta da kansa? In amsar ita ce an cika littafi da kwafen allo, to a sake zama a yi magana.

Waɗanda suka gwada su rubuto mini bayan wata uku mu ji yadda ta kaya, musamman mutanen Injamena da yaransu ke haɗa Larabci da Faransanci, domin tasu maganar na bukatar fili na musamman. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.