Tun Ran Gini, Ran Zane: Batun Ginin Ɗakin Karatu na Ƙasa

Sanin kowa ne cewa ɗakin karatu shi ne rumbun ilmin al'umma. Saboda haka duk lokacin da hukuma ta ce za ta sake tsarin irin wannan gini don rage kuɗin aiki, ya kamata malamai da ɗalibai su kasa kunne. Tsimi abu ne mai kyau, amma akwai tsimin da ƙarshensa ɓarna.

Ginin hedkwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Abuja ya isa misali. An ba da kwangilarsa a 2006 a kan Naira biliyan 8.59, da niyyar a gama cikin wata 22. Da aikin ya cije, sai a 2010 aka rage benen daga hawa 8 zuwa hawa 5, amma kuɗin ya tashi zuwa wajen Naira biliyan 17. Watau gini ya ragu, kuɗi ya ninka. A 2012 kuma aka ba da umurnin komawa ga tsarin farko. Har zuwa 2025 ginin bai kammalu ba, sai da ta kai uwargidan Shugaban Ƙasa ta nemi gudummawar jama'a, aka tara fiye da Naira biliyan 20. Garin neman ƙiba an samo rama.

Dalilin haka a fili yake. Idan an riga an zuba harsashin da zai ɗauki hawa 8, rage hawa 3 ba zai maido da kuɗin da aka binne a ƙasa ba. Sake zane yana cin lokaci, kafin a gama shawara kuwa siminti da rodi sun yi tsada, darajar Naira ta faɗi. Abin da ya fi ciwo shi ne, dokar 1970 ta wajabta wa kowane mai ɗab'i ya ajiye kofe 3 na littafinsa a wannan ma'aikata. Littattafai na ta taruwa, ciki har da na Hausa, alhali gidansu na dindindin kango ne.

To, ina mafita? Ƙauyen Dandaji na Jamhuriyar Nijar ya nuna wata hanya. Da mutanen garin suka buƙaci sabon masallaci, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili ba su yarda a rushe tsohon ba. Sai aka gyara shi, aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallacin kusa da shi da tubalin ƙasar wurin. An gama a 2018. Katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyi da rana, ba sai an dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba. Gaskiya ne ɗakin karatun ƙauye ba daidai yake da na ƙasa ba, amma hikimar ɗaya ce: a auna aljihu da yanayin wuri tun kafin a haƙa harsashi.

Don haka in tilas sai an rage, a rage ado: marmara da gilashi da manyan ofisoshi. Kada a taɓa zauren karatu, ko tagogin haske da iska, ko ma'ajiyar da za ta tsare littattafai daga gara da laima. A kuma tsara gini kashi-kashi, yadda za a buɗe kashin farko ga masu karatu tun ana aikin sauran.

A taƙaice, a kan takarda ake tsimin gini, kafin a ɗora tubali. Ɗalibin da aka haifa a shekarar da aka ba da waccan kwangila yanzu ya isa jami'a, bai taɓa buɗe littafi a cikin ginin ba. Wannan hasara kuwa babu kasafin kuɗin da zai biya ta.