Bencin Harare da Tabarmar Masallacinmu

A Harare, babban birnin Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya ga likitocin ƙwaƙwalwa sun yi wa ƙasarsa kaɗan. Sai ya horar da tsofaffin mata, suka riƙa zama a kan benci a harabar asibitocin unguwa, suna sauraron mai damuwa, suna taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ya shiga zaman 'yan'uwansa masu irin damuwarsa. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka bi wannan hanya sun fi sauran samun sauƙi.

Darasin namu ne. Tun hare-haren Boko Haram na 2015 a Bosso da Diffa, muna sallah sahu ɗaya da mutanen da barci ya ƙaurace musu. Mukan ce "yi haƙuri" mu wuce, ko mu zarge su da raunin imani, alhali Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari.

Horon natsuwar zuciya da Jon Kabat-Zinn ya tsara a Amurka a 1979 tushensa addinin Buddha ne. Mu muna da zikiri da khushu'in sallah. Abin da muka rasa shi ne kunne mai sauraro da baki mai riƙe sirri. Kwamitocin masallatai su nemi ma'aikatan lafiya su horar da dattawa da malamai mata. Wanda kuwa ya fara zancen kashe kansa, a kai shi asibiti nan take.

Allah Ya yaye wa masu damuwa, amin.