Dam ɗin Wasai ba kwatami ba ne

1/ Matasan Minjibir da Gezawa, ku zo mu yi maganar da kowa ke gudu. Ruwan dam ɗin Wasai daga ina yake zuwa? Kogin Jakara ne ke kawo shi daga cikin birni.

2/ A hanya yana kwaso kwatamin unguwanni da jinin Abbatuwa. Rafin Getsi kuma ya ƙara masa dattin kamfanonin Bompai, har da na jimar fata.

3/ Masu bincike sun sha auna ruwan nan, sun samu dalma da kromiyam. Tafasawa ba ta cire su, wallahi.

4/ Shanunmu na sha, masunta na kama kifi, 'yan lambu na ban ruwa. Ɗan birni, kar ka ce babu ruwanka, latas ɗin Yankaba yake komawa.

5/ Tun 2007 aka kafa NESREA. Doka ta ce kamfani ya tace ruwansa kafin ya sako. Wa ke dubawa?

6/ Buƙatarmu biyu: a riƙa auna ruwan ana wallafa sakamako, a rufe bututun duk wanda ya ƙi tacewa. Ku ɗauki hoto, ku yi tagin Ma'aikatar Muhalli da ɗan majalisarku. Kullum, har su gaji su amsa.