Ranar da Baffana ya daina zama Darakta

Baffana ya yi shekara 35 cif yana aikin gwamnati, ya sauka yana Darakta. Ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya ba ta ɓoye wa kowa komai ba: da ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai ka miƙa makullin ofis. Ya san ranar tun da nisa, har ɗan littafi gare shi na lissafin kuɗin sallama da fansho. Shirun da ya biyo baya ne bai shiga lissafinsa ba.

Da can wayarsa ba ta hutawa, zaurensa kuma cike yake da masu "ranka ya daɗe" tun kafin a karya kumallo. Wata uku da yin ritayarsa na je gaishe shi da hantsi. Na tarar da shi cikin babbar riga da hula, ya fesa turare, yana zaune shi kaɗai a falo, wayar a kan cinyarsa yana ta juya ta. Na ce, "Baffa, unguwa za a je ne?" Ya ce, "A'a, ɗana, sabo ne kawai." Har na iso gida maganar nan ba ta bar raina ba.

Gidan da ke kallon nasa na wani tsohon tela ne, sa'ansa. Idonsa ya yi rauni, ya bar wa yaransa keken ɗinki, amma ban taɓa ganin sa cikin kaɗaici ba. Da sassafe yana kan soro wajen tantabarunsa, yana watsa musu gero, yana leƙa tukwanen da ya jera musu don ya ga wadda ta ƙyanƙyashe. Bayan la'asar kuwa gindin dalbejiya za ka same shi, an haƙa ramukan dara guda 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, ana gardama ana shewa. Baffana ya yi shekaru yana wuce su a bayan mota, yana ɗaga musu hannu ta gilashi.

Wani zai ce ai Bahaushe ya saba kiran mutum da sana'arsa, kuma gaskiya ne: ga Soron Ɗinki nan a Kano, ga marinar Ƙofar Mata. Amma maƙeri da marini suna tsufa da sana'arsu a hannu, cikin unguwarsu, tsakanin mutanen da suka san iyayensu. Kujerar ofis aro ce. Ranar da aka karɓe ta, tare take tafiya da direba da masinja da yawancin masu gaisuwa. Duk da haka mun koyi gabatar da kanmu da Injiniya da Barista da Honarabul, har a katin ɗaurin aure, kamar ba a raɗa mana suna ba.

Shi ya sa nake jin zafi idan 'yan boko irina suka kira majalisa zaman kashe wando. Na sani, akwai majalisar da ba ta da aiki sai cin naman mutane, kuma wannan ba abin karewa ba ne. Amma majalisar kirki, wadda a Yamai da Damagaram ake ce wa fada, ita ce ke haɗa gudunmawa idan matar ɗayansu ta haihu, ita ce ke ɗaukar marar lafiya zuwa asibiti da tsakar dare. Idan ka yi kwana biyu ba ka fito ba, wani zai zo ya buga maka ƙofa. Iyayenmu mata sun riga mu gane wannan, da adashinsu da bikinsu da zumuncinsu da ba ya yankewa. Ba a gina irin wannan da kuɗin sallama. Shekaru ake yi ana zama, ana shan shayi, ana haƙuri da halin juna.

Ni kaina tun daga ranar na gyara. Duk lokacin da Kano Pillars ke wasa a gida, ni da abokan firamare uku muna filin Sani Abacha muna ihun "Sai Masu Gida", kuma babu mai tambayar wani matakin albashinsa.

Baffana ma daga baya ya tsallaka titin. Telan ne ya aiko masa da tantabaru biyu, ya je godiya, aka matsa masa wuri a tabarma. Da sallar da ta wuce na same shi a gindin dalbejiyar, ya naɗe hannun riga, yatsunsa duk ƙasa, yana rantsuwa cewa telan ya gusar da tsinke lokacin da ya juya amsa sallama. Na tambaye shi ina wayarsa, don na yi ta kira ba a ɗauka ba. Ya shafa aljihu, ya ce ya bar ta a ɗaki, sannan ya ce wa telan, "Mayar da shi inda yake, ina kallon ka."